Simuleta ta koya min komai banda ƙafa

Masu tambayata ko wasan tuƙin jirgi a kwamfuta, wato simuleta, yana taimakawa idan mutum ya shiga jirgin gaske, amsa ita ce yana taimakawa sosai, amma ku sayi feda, wato abin takawa da ƙafa da ake juya wutsiyar jirgi da shi. Wallahi ku sayi feda tun kafin ku sayi babban allo ko wani sitiyari mai tsada.

Ni da manhajar X-Plane 11 na fara, daga baya na koma Microsoft Flight Simulator da ya fito a 2020, kuma kusan kullum ƙaramin jirgi Cessna 172 nake ɗauka daga filin jirgin Malam Aminu Kano, titi na 06, in zagaya in dawo. Sandar tuƙi nake amfani da ita, irin wacce ake murɗawa da hannu idan ana so a juya wutsiyar jirgi, ƙafafuna kuwa suna ƙarƙashin tebur ba aikin fari ba na baƙi. Shekaru na yi a haka kuma ina sauka lafiya lau.

Da aiki ya kai ni Afirka ta Kudu sai na tara kuɗi na yi rajista a wata ƙaramar makarantar tuƙi da ke wajen Johannesburg, jirginsu ma 172 ne. Abubuwa da yawa sun zo min da sauƙi, agogunan gaba duk na san su, maganar rediyo ba ta ba ni tsoro ba saboda na saba a dandalin intanet na VATSIM inda mutane na gaske ke zama masu kula da zirga-zirga, har malamin ya tambaye ni ko na taɓa tuƙi a wani wuri. Na ji daɗin wannan tambayar ba kaɗan ba.

Sai muka zo tafiya a ƙasa. A ƙasa sitiyarin nan ba ya juya jirgi, da ƙafa ake juya tayar gaba, birki ma a saman fedar yake sai ka danna da yatsun ƙafa. Na san wannan a kai, na karanta, amma hannuna ne ke ta murɗa sitiyari jirgi kuma yana bin inda ya ga dama, layin rawayan da ya kamata mu bi yana dama muna hagu.

Wajen tashi abin ya fi muni. Idan ka tura totur gaba ɗaya farfela tana murɗa iska ta zagaye jikin jirgin ta bugi wutsiya ta gefen hagu, ga kuma ƙarfin juyin injin, sai hancin jirgin ya dinga karkata hagu, maganinsa kawai ka danna ƙafar dama ka riƙe. Ni kuwa ƙafar ta mutu. Kafin mu kai gudun not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) da ake ɗaga hanci mun kusa cin gefen titi, malamin ya karɓa yana cewa ƙafar dama, ƙafar dama, kuma wannan kalmar ita na yi ta ji darasi bayan darasi har cikin barci. A sama ma 'yar ƙwallon nan da ke nuna daidaiton juyi ba ta taɓa zama tsakiya ba, kuma a jirgin gaske jikinka yana ji, kana zamewa a kujera cikinka na juyawa, abin da kujerar ɗakina ba ta taɓa gaya min ba.

Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne kuɗin. Haya da awa ake biya, mita na gudu tun daga lokacin da aka kunna inji, ga kuɗin malami daban. Awannin da ya kamata in kashe wajen koyon sauka sun tafi wajen kankare ɗabi'ar da ni na dasa wa kaina a ɗaki, kuma kuɗinsu ya ninka na feda nesa ba kusa ba. Malamin ya ce wanda bai taɓa taɓa simuleta ba wani lokacin ya fi saurin kama ƙafa, tunda shi ba abin da zai manta. Maganar ta yi min zafi don gaskiya ce.

Akwai kuma yawan kallon agogo maimakon kallon waje, wannan da malamin ya rufe min su da takarda ya wuce da wuri. Ƙafar ce ta ƙi.

Yanzu na sayi feda, na kashe murɗin sandar gaba ɗaya, na kashe duk wani taimako da manhajar ke yi wa wutsiya da kanta, kuma ina sa iska ta gefe da gangan in yi ta tashi da sauka. Ƙanina da ke burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya roƙe ni tsohuwar sandar, na ce zan ba shi amma sai ranar da fedarsa ta iso, ko da tsohuwa ce.