Karin da Haydn ya ƙi taɓawa

Yau kwana uku kenan ina ta maimaita kiɗa ɗaya a kunne na kasa wucewa, na Joseph Haydn ne, wani mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, wanda ake wa laƙabi da na Sarki, lamba ta 3 a jerin kaɗe-kaɗensa mai suna Opus 76 da ya rubuta a 1797. Kayan kiɗa huɗu ne kacal kuma duk na tsirkiya, goge biyu masu siririyar murya, sai biyola da ta ɗan fi su kauri, sai celo babba da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Ba ganga, ba mawaƙi.

Kashi huɗu ne amma ni dai na biyun ne ya kama ni. Karin da ke ciki asalinsa waƙar yabo ce da Haydn ya yi wa sarkin ƙasarsu, Francis na II, aka rera ta a Vienna ranar zagayowar haihuwarsa, 12 ga Fabrairu 1797, kuma shi ne karin taken ƙasar Jamus na yanzu, in kana kallon ƙwallo to tabbas ya taɓa shiga kunnenka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, yawanci in makaɗan zamanin za su maimaita kari sai su lanƙwasa shi su yi masa ado har ka kusa kasa gane shi, shi kuwa Haydn sau huɗu ya dawo da shi bai taɓa shi ba, hannu kawai yake sauyawa. Da farko goge na biyu ya ɗauka, biyola da celo suka yi tsit, goge na ɗaya yana ta tsalle-tsalle a gefensa kamar yaro na zagaya babba. Sai celo ya karɓa, kai, nan ne nake rufe ido wallahi, muryar kamar ta dattijo mai magana a hankali. Daga nan biyola, wadda galibi a tsakiya take ɓuya ba a cika jin ta ba, ita ma aka ba ta fili. Da ya koma hannun goge na ɗaya sai sautukan da ke ƙarƙashinsa suka sauya launi, waƙar fada ta koma kamar addu'a, ta yi ta yin ƙasa-ƙasa har ta ɓace.

Sauran kashin ma ba baya ba, a na farko akwai wurin da biyola da celo ke riƙe sauti ɗaya suna gurnani kamar rawar ƙauye, na ƙarshe kuma da fushi yake buɗewa kafin gari ya waye masa.

A watan Mayun 1809 sojojin Napoleon sun shiga Vienna, Haydn ya tsufa jiki ya ƙi, amma yana zama gaban fiyano ya kaɗa wannan karin dai. Ranar 31 ga watan ya rasu yana da shekara 77.