Anticipate ba expect ba ce fa

Mutane da yawa sun ɗauka kalmomin Turancin nan anticipate da expect duk ɗaya ne, to akwai ɗan bambanci. Expect kana sa ran abu zai faru ne kawai, amma anticipate ka hango shi tun daga nesa har ka yi masa shiri, kamar golan da ya karanci ɗan wasa ya faɗa ɓangaren da ƙwallo za ta bi tun kafin a buga.

Wajen haɗa jimla kuma nan ake tafka kuskure, ba a cewa "I anticipate to travel", banbarakwai ne wallahi, sai dai "I anticipate travelling". Ni dai a hira ban cika faɗin anticipate ba, ta fi zama daram a imel ɗin ofis.