Tarihin Rayuwata, Kashi Na 23: Shekarar Da Aka Gana Da Mu Ta Zoom

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a watan Afrilun 2020, lokacin da muke kwana a sashen masu jinya mai tsanani a nan Amurka, a Kano kuma ana ta binne dattawa. Abin da na faɗa a kan wannan ya isa. Yau maganar neman gurbin ƙwarewa zan yi, kuma dole Baffa ya sake fitowa. 'Yan uwan da suka kira ni suna cewa in bar maganarsa, ku yi haƙuri. Labarin 2020 ba zai ba da ma'ana ba sai da bashin 2017.

A ƙasar nan, idan likita ya gama shekara uku na horon cututtukan ciki, in yana son zama ƙwararren zuciya ko ƙoda ko hanji, sai ya sake neman wani gurbin, wanda ake kira feloshif. Zuciya shekara uku ce, ƙoda biyu. Takardunka duka ta intanet kake turawa, ta wani tsari mai suna ERAS. Asibitin da ya ga ka yi masa sai ya gayyace ka ganawa. Bayan an gama, kai ka jera asibitocin da kake so daga na ɗaya zuwa ƙasa, su ma su jera likitocin da suke so, sai kwamfutar hukumar NRMP, wadda ke wannan aiki tun 1952, ta haɗa kowa da wurinsa. Inda ta jefa ka nan za ka, domin ka riga ka sa hannu a kan haka.

Ni ƙoda na nema. Abokan aikina sun yi mamaki, don fanni ne da kowace shekara ake barin guraben da ba a cike ba, aikin da yawa, kuɗin bai kai na zuciya ba. Wanda ya tashi a Gashuwa ba zai tambaye ni dalili ba. Mun san gidaje nawa ciwon nan ya shiga daga Haɗejiya har Nguru da Gashuwa. Baba sau uku a mako ya kamata a yi masa wankin ƙoda, mu kuwa ɗaya muke iya biya, wani makon ma babu, ga doguwar hanya a mota yana kumbure. Ranar da na gano cewa tun 1972 Amurka ta yi dokar da ta sa gwamnati ke ɗaukar nauyin wankin ƙodar kusan duk ɗan ƙasar da ƙodarsa ta mutu, fita na yi daga ɗakin karatu na je mota na zauna.

Baba, Allah Ya jiƙansa, yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: zumunci a ƙafa yake. Ba a kan gaisuwar dangi kaɗai yake faɗarta ba. Bai taɓa ba da auren 'yarsa ba sai ya je da kansa ya zauna a zauren mutanen, ya ga yadda maigidan yake magana da yaransa, ya ga wa ke kawo ruwa da yadda ake karɓa. Ko a kasuwa ba ya yarda da saƙo. Da wannan aka raine ni, kuma da ita na yi yawon 2017, lokacin da nake neman horon farko. A wancan lokacin babu wata ganawa sai ka je da ƙafarka. Jiha zuwa jiha cikin hunturu, wani wurin jirgi, wani wurin bas ɗin Greyhound ta dare don in tsira da kuɗin masauki, kwat ɗaya a jaka ina goge ta duk inda na sauka. Dala tana wajen naira 360. Abin da na tara a shekarun aikina a gida jarrabawar USMLE, ta neman lasisin aikin likita a Amurka, ta riga ta cinye.

Shi ya kai ni wurin Baffa. Ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowa ya san da jarin wa ya fara. Ya bar ni a zaure har aka yi la'asar, sannan ya fito a gaban mutanensa ya ce, "Likita guda, da roƙo?" Ya bayar, ban musa ba. Amma sai da ya sa aka rubuta, aka kira shaidu, kamar baƙo ne ya zo daga wani gari. Kafin in fara karɓar albashi a nan ya aika gida neman kuɗinsa sau da dama, har Inna ta ɗauki sarƙarta da awarwaronta na zinare, waɗanda Baba ya sayo mata a Makka, ta ba Yaya Babba ya kai kasuwa. Ba ta gaya mini ba. Daga bakin Goggo na ji, bayan shekara.

To, sai ga 2020. A watan Mayu manyan ƙungiyoyin likitancin ƙasar suka ba da shawarar cewa duk ganawar wannan shekara a yi ta ta bidiyo, saboda korona. Aka ɗaga lokacin duba takardu zuwa Agusta. Gayyata ta imel take zuwa, ka shiga wata manhaja mai suna Thalamus ka zaɓi rana, in ka yi jinkiri kaɗan ranakun kirki sun tafi. Maman yara ita ce ta riƙe mini wannan, wayarta a hannu ko tana girki, don ni ina zagayen marasa lafiya da safar hannu da takunkumi biyu.

Gidanmu ɗaki biyu ne. Ranar ganawa takan kwashi yaran su tafi mota su zauna a wurin ajiye motoci, ko su zaga lambun unguwa, har in kira ta. Na ɗora kwamfuta a kan littattafai don kamara ta zo daidai ido, na sayi fitila, na koyi kallon ƙwayar kamara maimakon fuskar mai magana. A bangon da ke bayana akwai allon Ayatul Kursiyyu da Inna ta ba mu. Wani abokina, kuma da kyakkyawar niyya, ya ce in sauke shi, kada ya jawo mini abin da ba zan gani ba. Shekarar ce aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama, tsoronsa ba na banza ba ne. Na bar shi a inda yake. Duk asibitin da allon nan zai hana su ɗaukata, ba zan iya zama da su shekara biyu ba.

Yadda abin yake, shugaban horon zai yi jawabi, a nuna muku bidiyon asibiti da na gari, sannan a riƙa jefa ka ɗaki-ɗaki a cikin Zoom, kowane malami minti goma sha biyar zuwa ashirin. A nan maganar Baba ta riƙa dawo mini. Bidiyo abin da suke so ka gani yake nunawa. Ba ka ganin yadda malami ke amsa gaisuwar mai shara, ba ka ganin idon masu horon da ke kan aiki ko sun yi barci. An haɗa mu da su da yamma wai mu yi hira babu malamai, amma kowa a akwatinsa, kowa yana cewa komai lafiya. A wani asibitin da ba zan ambata ba, malamin bai ɗago ido daga ɗayan allonsa ba, tambayarsa ta farko kuwa wace irin biza nake da ita. Da na ce J-1, wadda ke wajabta maka komawa gida shekara biyu sai fa in ka samu sassauci ta hanyar yin shekara uku a yankin da ke da ƙarancin likitoci, sai ya ce to, ya fara duba agogo. A wani wurin kuma wata dattijuwar likita ta ga Gashuwa a takardata, ta ajiye tambayoyinta, muka cinye lokacin duka a kan ƙwayar halittar APOL1 da aka gano a 2010 tana ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga 'yan asalin Afirka ta Yamma, da kuma ruwan da mutanenmu ke sha. Ta tambayi sunan Baba. Ta maimaita shi har ta faɗe shi daidai.

Kafin in rufe jerina a tsakiyar Nuwamba na ɗauki iyali muka yi tuƙi zuwa garin nata. Asibitin ba a shiga, ban ma nema ba. Na ga masallaci, na ga mahauci ɗan Somaliya mai naman halal, na tsaya a bakin makarantar da yaran za su shiga. Iyakar abin da ƙafa za ta iya ke nan a shekarar, kuma na yi shi.

Ana cikin haka maganar Baffa ta iso. A wurin wani suna, Goggo na zaune, ya ce ashe a ɗaki ma ana samun aikin, kuɗinsa yawon buɗe ido na yi da su. Baffa, na san ana karanta maka wannan. A 2017 babu wannan hanyar. Da akwai ta, da ban taka zaurenka ba, da zinaren Inna yana akwatinta. Duk ganawar 2020 abin da na kashe bai wuce kuɗin tura takardu da fitila da man mota ba. Shi ya sa yanzu da nake zama a ɗaya ɓangaren allon, duk lokacin da aka tayar da maganar komawa ganawar ido da ido, nake tsayawa a kan a bar ta ta bidiyo. Na san abin da ake rasawa, Baba ya koya mini shi tun ina yaro. Amma ina ganin fuskokin yara daga Sudan da Pakistan da Najeriya, na san wasunsu akwai zauren da za su je su zauna in aka ce sai sun sayi tikiti. Wanda aka ga ya dace, a bar shi ya zo ya ga wuri daga baya, bayan asibiti ya rufe nasa jerin.

Sakamako ya fito ranar Laraba, 2 ga Disamba, ƙarfe goma sha biyu na rana agogon gabashin Amurka, shida na yamma a gida. Wurin dattijuwar nan aka ba ni. Na kira Inna tana shirin magariba, ta ce in bari ta yi sallah tukuna, ta idar ta kira da kanta ta sa Yaya Babba ya karanta fatiha ga Baba. Dangi sun yi ta kira har dare. Baffa bai kira ba, sai da azumi ya zo ya aiko a tambaye ni maganin hawan jini. Na aika masa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda muka tashi a watan Yunin 2021 da cikin maman yara wata bakwai.