Waƙar 'yan daba da babu ashar ko ɗaya a cikinta

A watan Agusta na 1995 mawaƙin rap na Amurka Coolio ya saki waƙar Gangsta's Paradise, kuma wallahi har yau ban ga waƙar rap ɗin 'yan daba da ta kama ƙafarta ba. An yi ta ne saboda fim ɗin Dangerous Minds, wanda Michelle Pfeiffer ta fito a matsayin malamar makaranta a unguwar talakawa, amma yanzu wa ke maganar fim ɗin? Waƙar ce ta rage.

Ku duba lokacin da ta fito fa. A shekarar nan 'yan siyasar Amurka irinsu Bob Dole sun taso masu irin wannan rap ɗin a gaba, suna cewa suna lalata tarbiyyar yara, har sai da kamfanin Time Warner ya sayar da hannun jarinsa na Interscope, kamfanin da ke fitar da irin waɗannan waƙoƙi. Ana cikin wannan rigimar sai ga Coolio, ɗan garin Compton da ke gefen Los Angeles, mai kitso a miƙe kamar eriya ya ture Michael Jackson daga lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙi na Billboard a watan Satumba, ya yi sati 3 a wurin kafin Mariah Carey ta karɓe, kuma da aka zo lissafin ƙarshen shekara ita ce waƙa ta ɗaya a duk Amurka. A Ingila ma ta hau sama, an sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, haka ma ta hau sama a Jamus da Faransa da Ostareliya. A 1996 ta ciyo masa lambar yabo ta Grammy.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne labarin Stevie Wonder. Kiɗan asalinsa nasa ne, daga waƙarsa Pastime Paradise ta 1976, furodusa Doug Rasheed ya ɗauko ya sake masa fasali, mawaƙi L.V. ya hau amshi da muryar nan tasa mai sa tsigar jiki tashi. Da aka je neman izini sai dattijon ya ce atafau bai yarda a zuba ashar a kan kiɗansa ba. Dole Coolio ya koma ya tsaftace baitocinsa. To wannan sharaɗin ne ya buɗe mata ƙofar gidajen rediyo, uwa na iya ji a mota da yaranta ba ta kai hannu ta kashe ba.

Amma ba rashin zagin ne kaɗai ba. Yawancin abokan sana'arsa cika baki suke, bindiga, kuɗi, mata, shi kuwa sai ya zo da muryar wanda ya gaji, ya fito a waƙar a matsayin yaro ɗan shekara 23 da bai san ko zai ga baɗi ba, ya ma buɗe da ayar Zabura. Kuma ba shaci-faɗi yake ba, mutumin ya sha fama da ƙwaya a samartakarsa, sai da ya shiga aikin kashe gobarar daji kafin ya rabu da ita. Shi ya sa nake jin haushi idan na ji ana cewa wai waƙar tana tallar daba, duk wanda ya faɗi haka bai saurare ta da kunnen basira ba.

Coolio ya rasu ran 28 ga Satumba 2022 a Los Angeles yana da shekara 59, 'yan watanni kaɗan bayan bidiyon waƙar ya haura kallo biliyan ɗaya a YouTube.