Gidan kurman makaɗi a Heiligenstadt

Taron da ya kai ni Viyana ya ƙare ran Juma'a, jirgina kuwa sai Lahadi da dare. Na yi niyyar in wuni ina barci ran Asabar, amma mai masaukina, wani dattijo ɗan Damagaram da ya daɗe a Ostiriya, ya hana. "Malam, tashi mu je ka ga inda kurma ya yi kiɗa." Na ɗauka zolaya ce.

Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin U4, har ƙarshensa a Heiligenstadt, daga nan muka shiga bas mai lamba 38A. Yanzu unguwa ce a cikin birni, amma a 1802 ƙauye ne, kuma har yau gonakin inabinsa na nan a gangaren tsauni. A lungun Probusgasse, gida mai lamba 6, aka yi gidan tarihin Ludwig van Beethoven, shahararren makaɗin nan Bajamushe da ya kurumce. Ɗan ƙaramin gida ne mai tsakar gida, ba abin da zai ja idon mai wucewa.

Likitansa ne ya turo shi ƙauyen ko kunnuwansa sa huta da hayaniyar birni. Yana da shekara 31, sunansa ya fara tashe, ya kuma yi kusan shekara shida yana ɓoye cewa jinsa na raguwa. Wata shida ya yi a nan, babu sauƙi. Ran 6 ga Oktoba 1802 ya rubuta wa ƙannensa biyu, Carl da Johann, wata doguwar wasiƙa mai kama da wasiyya. Dattijon nan ya riƙa fassara min daga Jamusanci a hankali, yana bin layi da yatsa.

Beethoven ya ce mutane na ɗaukarsa mai baƙin hali, mai gudun jama'a, alhali kunya ce ta hana shi cewa a ɗaga murya don shi kurma ne. Ina makaɗi zai iya furta haka? Wurin da ya tsaya min a rai shi ne inda ya ce wani na tsaye kusa da shi ya ji sarewa daga nesa, shi bai ji komai ba; wani ya ji makiyayi na waƙa, shi shiru. Ni da na tashi ina jin sarewar makiyaya da yamma a bayan garinmu, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba sai ranar. Beethoven ya ce saura ƙiris ya halaka kansa, kiɗan da ke cikinsa wanda bai gama fitarwa ba ne ya riƙe shi.

Bai aika wasiƙar ba. A cikin takardunsa aka tsince ta bayan rasuwarsa a 1827, shekara 25 ke nan tana ajiye.

Muka fito muka bi hanyar ƙafa ta gefen wani ɗan rafi, wadda aka sa wa sunansa. Dattijon ya miƙo min wayarsa. "Saurari wannan, a wannan zaman ya yi yawancin aikinsa." Simfoni na biyu ne, wato dogon kiɗa na taron makaɗa masu goge da algaitu irin nasu. Na shirya jin kuka. Sai ga kiɗa mai tsalle-tsalle, ƙarshensa ma kamar ana tsokanar mutum. Na ce ko dai ya yi kuskure, ya ce a'a. Gaskiya ni ba gwanin wannan kiɗa ba ne, da dama daga cikinsa gyangyaɗi yake sa ni, amma wannan na ji shi har ƙarshe ina tsaye, sanyi na cin yatsuna.

A hanyar komawa ya ba ni labarin 7 ga Mayu 1824, daren da aka fara kaɗa Simfoni na tara. Jama'a suka ɓarke da tafi, Beethoven ya ba su baya bai sani ba, sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya gani da idonsa.

Lahadi da safe na tafi babbar maƙabartar birnin ni kaɗai, a tarago mai lamba 71. Mutanen Viyana in mutum ya mutu sukan ce ya hau 71, abin da dattijon bai gaya min ba sai da na dawo. Kabarin Beethoven na kusa da na Franz Schubert, wani makaɗin da ya riƙe fitila a jana'izar Beethoven, shi ma ya bi shi a Nuwamba 1828 yana da shekara 31. A maƙabartar unguwar Währing aka fara binne su, aka dawo da su nan a 1888. Na tarar da wata tsohuwa tana kwashe busassun furanni daga kan dutsen. Ta yi min magana da Jamusanci, ban gane ba, ta ƙara ɗaga murya.