Abin da masu karatu suka gyara mini a waƙata ta Beethoven

Duk matashin da ya fara rubuta waƙa, ya kuma ji labarin Ludwig van Beethoven, da wuya ya tsallake sha'awar mayar da labarin baituka. Ga mutum wanda sana'arsa tsara kiɗa ce, an haife shi a ƙarshen shekarar 1770 a Bonn, birnin da masu sauraren Sashen Hausa na Muryar Jamus suka saba jin sunansa, ya koma Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1792 ya yi fice, sannan jinsa ya fara raguwa tun bai cika shekara 30 ba, amma duk da haka mafi yawan ayyukan da duniya ke tunawa da shi a kansu sun zo ne bayan lalurar ta kama shi. Jigo irin wannan yana zo wa marubuci a shirye, har ya ɗauka babu sauran wani bincike da ya rage masa sai neman kari da amsa-amo. Ni ma haka na ɗauka, ƙannena, kuma abin da ya biyo baya shi nake so in ba ku, domin na ga da yawanku kuna rubutu a kan mutanen da suka rayu da wata lalura.

Waƙata 'yar ƙwar biyu ce, ta fito a wata ƙaramar mujallar marubuta, na kuma rera ta a taruka. Abubuwa uku na gina ta a kansu: cewa Beethoven bai taɓa jin kiɗan da ya tsara ba, cewa kurumtarsa wani shiru ne mai tsarki da baiwa ta sauka a cikinsa, da kuma cewa taɓin hankali ne tushen hazaƙarsa. Baitin da aka fi tafa wa shi ne wannan:

Da kunne ya rufe sai baiwa ta sauka,
Kiɗan da ya bar wa duniya ɗiyan hauka.

Ban karanta ko'ina cewa mutumin ya haukace ba. Ɗangon farko ya ƙare da "sauka", amsa-amo ya nemi abokinsa, ni kuma na ba shi, na jingina wa bawan Allah ciwon da babu likitan da ya taɓa tabbatar masa da shi yana raye. Wannan shi ne abu na farko da zan ja kunnenku a kai, domin kowane mai rubuta waƙa ya san yadda amsa-amo ke jan hannu zuwa inda ilimi bai kai ba.

Yabo ya zo da yawa, na kuma ɗauke shi a matsayin shaida cewa na yi daidai. Sai daga baya na lura cewa masu yabon duk zaƙin kari da daɗin lafazi suke yabawa, kuma kusan babu ɗayansu da ya san Beethoven fiye da abin da waƙar ta gaya masa. Wanda bai san abu ba sai ta bakinka ba zai iya kama ka da kuskure a kansa ba, saboda haka tafinsa hukunci ne a kan salonka kaɗai, ba a kan gaskiyar abin da ka faɗa ba.

Gyaran farko ya zo ne daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ciwon sanƙarau ya tafi da jinsa yana tsakiyar ƙarfinsa. Ya rubuto mini a doguwar takarda mai layi, ya kwafe baitukana da shuɗin biro, ya ja jan layi ƙarƙashin duk inda bai yarda ba, yadda ya saba duba aikin ɗalibai. "Ɗana," in ji shi, "wa ya gaya maka kurma yana cikin shiru?" Ya ce tun ranar da ya tashi daga jinya kunnuwansa ba su daina ƙugi ba, kuma abin da ya fi yi masa ciwo ba rashin jin rediyo ba ne, a'a, zama ne a majalisa ana dariya bai san abin da aka faɗa ba, sannan a koma ana cewa ya cika girman kai don an gaishe shi bai amsa ba.

Da na koma ga abin da Beethoven ya rubuta da hannunsa, sai na tarar kusan maganar dattijon ce. A wasiƙar da ya aika wa amininsa, likita Franz Wegeler, a 1801, ya bayyana cewa kunnuwansa suna fito da ƙugi dare da rana, cewa ba ya kama siraran muryoyi daga nesa, cewa murya mai ƙarfi tana yi masa zafi, kuma ya yi kusan shekara biyu yana guje wa taro domin ba zai iya buɗe baki ya ce wa mutane shi kurma ne ba. A watan Oktoban 1802, a ƙauyen Heiligenstadt da ke gefen Biyana, inda likitansa ya tura shi ya huta, ya rubuta wa ƙannensa biyu wata takarda da bai taɓa aikawa ba, sai bayan mutuwarsa aka tsince ta cikin kayansa. A ciki yana kuka da masu ɗaukarsa mugu ko maƙiyin mutane, yana ba da labarin wulaƙancin da ya ji lokacin da na kusa da shi ya jiyo sarewa daga nesa ko waƙar makiyayi shi kuwa bai ji komai ba, har ya ce saura kaɗan ya kashe kansa, sana'arsa ce ta riƙe shi. Babu inda ya kira kurumta kyauta. Ni ne, mai kunne biyu lafiyayyu, na yi masa godiyar da shi bai yi ba.

Batun cewa bai taɓa jin kiɗansa ba kuwa, kuskure ne da karatun awa guda zai kawar. Jin nasa a hankali ya tafi, cikin fiye da shekara ashirin. Ya ci gaba da kaɗa fiyano a bainar jama'a har 1814. A wajen wannan lokaci Johann Mälzel ya ƙera masa ƙahonin ƙarfe da yake karawa a kunne, waɗanda wasunsu suna nan a gidan da aka haife shi a Bonn, wanda yanzu gidan tarihi ne. Daga 1818 ne baƙinsa suka fara rubuta masa magana a ƙananan littattafai, shi kuma yana amsawa da baki, kuma fiye da 130 daga cikinsu sun tsira, akasarinsu a babban ɗakin karatu na Balin. Wanda ya duba su zai ga zancen kuɗin haya, da farashin kayan cefane, da rigimar masu aikin gida, wato rayuwar mutum mai fama da ɗawainiya, ba ta wani waliyyin kiɗa da ke jiran saukar ilhami ba.

To, yaya ya ci gaba da aiki? Kiɗan Turai irin nasa rubuta shi ake yi da alamomi a takarda, kuma wanda aka horar tun yana yaro yana duban alamomin ya ji sautin a cikin kansa, kamar yadda ku da kanku kuke auna karin baiti a zuci, ku gane ya karye, ba tare da kun buɗe baki ba. Beethoven ya tara wannan ji na ciki cikin shekarun da kunnensa ke lafiya, sannan ya bar dubban shafuka na gwaji, inda ake ganin yana rubuta ɗan gajeren sauti, ya soke, ya sake, ya ajiye shi shekaru kafin ya dawo kansa. Simfoninsa na tara (simfoni dogon kiɗa ne da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi tare), wanda aka fara gabatarwa a Biyana ranar 7 ga Mayu 1824, ya ƙare ne da waƙar marubucin Jamus Friedrich Schiller a kan farin ciki, kuma tun 1793 aka rubuta cewa saurayin yana da niyyar yi wa wannan waƙa kiɗa, wato kafin kurumta ta taɓa shi. Shekara talatin na naci na shafe da ɗango guda. Babu Bahaushen da ya san waƙa da zai ce makanta ce ta yi wa Malam Aliyu Namangi na Zariya Imfiraji, domin kowa ya san ilimi ne da hadda da aiki. Amma da na zo kan Bature sai na manta da wannan adalcin.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin na mayar wa dattijon amsa ina kare kaina. Na ce masa waƙa ba tarihi ba ce, kuma kambamawa ado ce da magabata suka halatta. Maganar tana da gaskiya a wurinta, amma ba a nan ba. Idan mawaƙi ya kira gwarzonsa giwa ko bango, kowa ya san ado ne, ba wanda zai tafi gida da labarin ƙarya. Idan kuwa ya ce wane ya haukace, ko bai taɓa ji ba, to labari ya bayar, kuma mai sauraro zai ɗauke shi ya ba wani. Ku riƙa tambayar kanku, a kan kowane ɗango, ko mai karatu zai gane shi a matsayin ado ko zai karɓe shi a matsayin bayani.

Gyara na biyu wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi mini, wadda ta daɗe tana aiki a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ta tare ni bayan wani taro ta ce, "Malam, waƙarka ta yi daɗi, amma ka ƙara mana aiki." Bayaninta shi ne, tana da majinyata matasa masu zane da masu rubutu waɗanda suke ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe su tofar, saboda sun yarda cewa maganin zai kashe musu baiwa, kuma irin baitina ne ke ba su hujja. Ta ce a iya abin da ta gani, idan ciwon ya tsananta mutum ba ya iya gama shafi guda, sai ya samu sauƙi yake komawa aikinsa.

Tarihin matsara kiɗan Turai yana bayan maganarta. Robert Schumann ya faɗa kogin Rayin a watan Fabrairun 1854, aka ceto shi, aka kai shi gidan jinyar masu taɓin hankali a Endenich kusa da Bonn, inda ya rasu a 1856, kuma a waɗannan shekaru bai ƙara wani babban aiki ba. Bedřich Smetana na ƙasar Cek ya fi kowa fito da bambancin: ya kurumce gaba ɗaya a 1874, kuma yana kurma ya kammala jerin kaɗe-kaɗensa shida a kan ƙasarsa zuwa 1879, amma da hankalinsa ya fara gushewa sai aikin ya wargaje, ya rasu a gidan jinya a Firag a 1884. Shi kansa Beethoven, shekarun da ya fi shiga ƙunci, bayan rasuwar ƙaninsa a 1815, lokacin da ya shiga shari'a da matar mamacin a kan riƙon yaronsu Karl har zuwa 1820, suna cikin shekarun da ya fi ƙarancin fitar da sabon aiki. Yana da zafin rai, yana yawan sauya gidan haya, yana shan giya, yana fama da ciwon ciki, kuma matsin da ya yi wa yaron bai rasa hannu a yunƙurin da Karl ya yi na harbe kansa a 1826 ba. Duk wannan ana iya sa shi a waƙa ba tare da an ƙirƙira masa sunan ciwo ba.

Ku kuma yi hattara da abin da ake kira sakamakon bincike. A shekarar 2000 an sanar cewa an sami gubar dalma mai yawa a wani gashi da aka ce nasa ne, aka yi ta rubutu a kai, sai binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa wannan gashin na wata mace ne. Daga gashin da aka tabbatar nasa ne, masanan sun gano ciwon hanta nau'in B da kuma gadon raunin hanta, abin da ya dace da yadda ya rasu ranar 26 ga Maris 1827, amma ba su sami dalilin kurumtarsa ba. Idan masu ɗakin gwaji sun yi fiye da shekara ashirin a kan gashin da ba nasa ba, mai baiti ba shi da hurumin yanke wa ƙwaƙwalwar mutumin hukunci daga nesa.

Ba ina cewa ku bi kowane mai gyara ba. Wani ya ce mini me ya kai ni rubutu a kan makaɗin Turawa alhali namu suna nan, wani kuma ya so in mayar da waƙar ƙwar biyar don ita ya fi so. Na saurare su, ban canza komai ba, domin na farko jigona yake so ya zaɓa mini, na biyu kuma son ransa ya faɗa. Gyaran da ya wajaba a tsaya masa shi ne na wanda ya nuna ɗango takamaimai, ya faɗi abin da ba daidai ba a cikinsa, kuma ya san abin ko ta karatu ko ta rayuwa. Irin wannan mai karatu ku neme shi tun waƙar tana hannunku, kafin ta fita, kuma idan kurma ne ku kai masa a rubuce ku zauna ku jira amsarsa a rubuce, kada ku aika wani ya yi muku tafinta a tsaye.

Da na sake gina waƙar na cire baitin hauka, na sa littattafan hira da shafukan gwaji a gurbinsa, na aika wa dattijon. Ya yarda da mafi yawanta, sai dai ya ja jan layi a ƙarƙashin baitin daren da aka fara gabatar da simfonin na tara a 1824, inda aka ruwaito cewa mawaƙiya Caroline Unger ta juyo da Beethoven ya fuskanci jama'a don ya ga tafin da ba ya ji. A ganinsa masu ji suna son wannan labari ne don su ne masu kyauta a cikinsa. Ban cire baitin ba, amma na ƙara masa wani a gabansa, mai faɗin cewa a wannan dare Michael Umlauf ne ainihin jagoran makaɗan, kuma ya umarce su da su bi hannunsa, kada su kula da na Beethoven da ke tsaye kusa da shi yana juya shafuka. Dattijon ya ce hakan ya rage, amma da shi ne mai waƙar da ya zubar da duka biyun.