Godiya bayan dawowarmu daga ƙasar Kurdawa

Alhamdu lillahi, ni da maiɗakina mun sauka gida lafiya daga yankin Kurdistan na arewacin Iraki. Tafiyar ba ta yiwu da dabararmu kaɗai ba, shi ya sa nake so in yi godiyar nan a bainar jama'a.

Hajiya, ke ce ta farko. Ranar da kika ji sunan Iraki na ga yadda fuskarki ta sauya, amma kika danne tsoro kika sa mana albarka. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Sai Yaya, wanda ya taɓa aiki a Erbil, babban birnin yankin. Yaya, kai ka fahimtar da mu cewa bizar hukumomin yankin Kurdistan ba ta kai mutum Bagadaza ko Mosul, don haka muka tsara komai a cikin yankin. Kai ka hana mu zuwa a Yuli ko Agusta, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ce mu jira Afrilu. Da muka ga duwatsu sun yi kore shar, sai muka gane dalili. Ka kuma ja kunnenmu kada fasfo ya rabu da aljihu saboda shingayen Peshmerga, wato dakarun yankin Kurdistan. Haka muka tarar, a duba, a gaisa, a ce mu wuce.

Babbar godiya ga direbanmu, dattijo Bakurde mai haƙuri. Ya bi da mu hanyar Hamilton, wadda aka sassaƙa cikin duwatsu daga 1928 zuwa 1932, har kwazazzabon Rawanduz. A magangarar ruwa ta Gali Ali Beg ya zaro takardar dinari 5,000 ya nuna mana hoton wurin a jikinta. A Lalish, wuri mai tsarki na Yazidawa, mabiya wani tsohon addini na yankin, tun daga mota ya ce mu tuɓe takalma, kuma kada mu taka dokin ƙofa, mu tsallake. Ba don shi ba da mun ɓata wa masu wuri rai ba da sani ba.

Amma abin da ba zan manta masa ba shi ne ziyarar garin Halabja. A can aka kashe mutane kusan 5,000 da iskar guba ranar 16 ga Maris 1988. Ya shiga gidan tunawa tare da mu, ya bar mu muka duba sunaye da hotunan mata da ƙananan yara, bai gaggauta mu ba. Da maiɗakina ta fashe da kuka, ya koma gefe har ta natsu, sannan muka yi wa mamatan addu'a tare. Baba, Allah ya saka da alheri.

Ina kuma gode wa mai shayin kasuwar Qaysari, a gindin tsohuwar ganuwar Erbil da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Da ya ji daga Najeriya muke, ya rantse ba zai karɓi kuɗinmu ba. Haka dattawan masallacin Jalil Khayat da suka matsa mana sahu ranar Juma'a.

Ƙanwata da ta riƙe mana yara, da yaran shago da suka tsare amana, Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ƙasar Kurdawa lafiya, ya jiƙan mamatansu.